Ruwan Nono Babu Haihuwa

Allakaye, Talata 9 ga Afrilu

Zuwa ga taubashiyata Hulda, ungozoma a likitar mishan, wato asibitinsu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da maigida Zakariya da yara. Mu nan Hamza lahiya lau. Faruƙ ya yi ƙyanda amma ta bushe. Alhusaini yana fitar da haƙori, ba ya barin kowa ya huta. Baban yara yana Abijan, ya ce sai gab da azumi. Ni ƙafa ce kawai. Wadda ba ta da lahiya ita ce ta wajenki, ƴar lakkwal, mai karatun boko. Kin san ɗiyata ce ta fari, ba ni faɗin sunanta, to ba ni rubuta shi.

Ban aiko da murya ta waya ba don wayar ta Isaka ce, ƙanen maigida, kuma abin da ya shiga wayar Isaka ya shiga kasuwa. Ki yi haƙuri da rubutuna. Da furfura na koye shi a ajin manya, amma ba wanda ya kama mini hannu a wannan.

Hutu ya ƙare, ban maido ta ba, kuma ba ni maido ta sai kin ba ni amsa.

Ran Alhamis na ɗauki kayanta in wanke. Rigunanta ukku duk gabansu ya yi tabo, ya bushe ya yi ƙarfi. Na shinshina. Hulda, na shayar da huɗu, na san ƙanshin nono. Tsummokaran wata da na ɗinka mata bara suna ƙasan jaka a naɗe yadda na naɗe su. Tana ɗaure ƙirji da kallabi cikin wannan zahi. Kullum kanta na ciwo. In na tsaya gefenta na miƙa mata fura, ba ta karɓa, ba ta ko waigowa. Mai gaskiya ba ya yin haka.

Sai na zauna na yi tunani. Babban hutu ba ta zo gida ba, kin ce darasin ƙari. Hutun Disamba ba ta zo ba, kin ce shirin bak, jarrabawarsu ta ƙarshe. Da na zo gidanki watan Fabrairu na tarar da jinjiri ɗan wata biyu goye a bayanta, kin ce maraya ne. Ni ma na ɗauke shi, na yi mai wasa, ban san komi ba.

Na ba ki amana shekara ukku. Da surukata tana da rai ita ce za ta tambaye ta, don ita ta raine ta. Yanzu ba ni da mai tambaya sai ke. Ɗan wa ne? Ki ba Sufyanu direba amsa kafin Asabar.

Taki, Cima

*

Likitar mishan, Juma'a 12 ga Afrilu

Cima, sarauniyar zargi,

Na gaishe ki, na gai da yara. A shafa wa Faruƙ man kaɗe, kada a bari ya sosa.

Na karanta takardarki sau biyu. Karon farko na yi fushi har Zakariya ya ce in aje alƙalami in sha ruwa. Karo na biyu tsoro ya kama ni, kuma ba don kaina ba.

Yaron sunansa Shadrak. Ni na karɓi haihuwarsa ranar 14 ga Disamba, uwarsa ta rasu a hannuna da zubar jini, ubansa yana zuwa duk Lahadi daga wajen Sabon Gida ya gan shi. Karima tana aji ranar. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, kina tsammanin ciki zai kai wata tara a ɗakina ban gani ba? Ke da ba ki iya ɓoye ko gyaɗa a bakin zane ba tun muna yara, kin ɗauka kowa ya fi ki wayo.

Amma na yi laifi ɗaya. Ta sha gaya mini kanta na ciwo, na ce karatu ne, na ba ta parasetamol. Maganar nono da ta wata ba ta taɓa faɗa mini ba.

Ki saurara da kyau. Ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan idanu, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake. Shi ne mai aike. Ba ya magana da baki, cikin jini yake zuba saƙonsa, mu muna ce wa saƙon ormon. Shi ke gaya wa jiki ya yi tsawo. Shi ke cewa lokaci ya yi, yarinya ta yi ƙirji ta fara wata, yaro ya canza murya ya yi gemu, kowannensu ya fara jin kunyar ɗan'uwansa da sha'awarsa. Shi kuma ke aika wa nono saƙo ya kawo ruwa bayan haihuwa. Wani lokaci ƙari kan fito masa, sai ya yi ta aika saƙon nono ba a haihu ba. Wata ya tsaya, nono ya zo, kai ya yi ciwo. Na ga haka ga matan aure, na gani ga budurwa, sau ɗaya ma ga namiji mai raƙuma.

Ban ce tabbas shi ne ba, sai an gwada jini. Abin da ya tayar mini da hankali furar nan ce. Jijiyoyin ido suna wucewa bisa wannan ƙwaya. In ƙarin ya girma ya danne su, mutum ya daina ganin gefe, yana ganin gabansa kawai. In an daɗe, ganin ba ya dawowa.

Ki zaunar da ita gabanki, ki kira ta, ki ce ta dubi hancinki. Ki kawo ludayi sannu daga bayan kunnenta, ta faɗa miki lokacin da ta gan shi. Ki yi dama, ki yi hagu. Sannan ki sako ta mota.

Ƴar'uwarki da kika zarga, Hulda

*

Allakaye, Talata 16 ga Afrilu

Hulda,

Gaisuwa. Faruƙ ya warke, Alhusaini haƙorin ya fito. Ita tana nan yadda take.

Kin iya magana, dama tun muna yara in kin fasa tulu ni ake duka. Yanzu kai ne ke yin nono? Shekara arba'in ina cikin mata, na ga nono ya zo wa mai jego, na ga ya zo wa wadda ta yi ɓari, na ji an ce ya taɓa zuwa wa kaka da ta ɗauki jika. Duk da jinjiri a ciki. Ke ce ta farko da ta ce mini daga bayan ido yake tasowa.

Kuma ubansa da ke zuwa duk Lahadi, shekarunsa nawa? Yana da aure? In ya zo, wa ke kawo masa ruwa? Na tuna kunnen yaron, a manne yake kamar na Hamza. Ƴan likita kuna da takardu iri-iri, kowane suna kunka so ku rubuta.

Wasan ludayin nan kuwa, kin san abin da kike cewa in yi? In zauna gaba da gaba da ɗiyata ta fari, in kira sunanta, in sa ta dubi fuskata? Shekara goma sha tara ban yi ba. Innata ba ta yi wa yayana ba har ta mutu, ba don ba ta son shi ba. Ku da kunka shiga majami'a kun bar wannan, har sumbatar ƴaƴanku kuke yi gaban mutane. Nan in matan gida sun gan ni, za su san akwai magana, magana kuwa ita nike ɓoyewa.

Na jiƙa mata saiwar da ake ba mai yaye don nono ya ƙafe, na aje bakin ƙofarta. Ta sha kwana huɗu, bai ƙafe ba.

Babanta ya aiko zai iso Lahadi 5 ga Mayu. Ƴan'uwansa duk sun ce a cire ta daga lakkwal tun tana aji shida, shi kaɗai ya tsaya. In ya tarar da wannan, ba bak, ba komi, kuma ni za a ce na kai ta inda ta lalace. Ki faɗa mini gaskiya tun muna iya rufawa. Wallahi in nata ne zan karɓe shi, in san abin da zan ce.

Cima

*

Alhamis

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na sa wannan cikin littafinki na karatu don na san ba mai buɗe shi sai ke. Ki gafarce ni, ina shara na ga takardar Tanti Hulda ƙarƙashin tabarmarki, na karanta.

Inna, ban taɓa sanin namiji ba. Na rantse da Allah. Shadrak ba nawa ba ne, goyonsa nike yi don in yana bayana ba mai kallon gabana.

Wata ya tsaya mini tun damanar bara. Da nono ya fara zuwa na zaci hukunci ne, don akwai wani a ajinmu da nike tunaninsa, ko gaisawa ba mu cika yi ba. Na yi azumi kwana bakwai, na daina zama kusa da shi, bai tsaya ba. Na yi niyyar gaya wa Tanti, na ji tsoron za ta zaci abin da kika zata. Da Kaka na nan da na faɗa mata tun ranar farko.

A aji ina ganin tsakiyar allo, farkon layi da ƙarshensa sai na juya kai. Shekaranjiya a hanyar rijiya amalanke ta goge ni, mai jakin ya zage ni, ya ce girman kan boko ne. Ban gan shi ba.

A takardar Tanti na ga maganar fura. Inna, kina miƙo mini fura? Yaushe? Ni na ɗauka tunda na zo ba ki ba ni komi da hannunki ba, sai jiƙon nan da kike ajewa ƙasa. Na san na masu yaye ne. Na sha don kada ki ce na ƙi.

Ba sai kin yi mini magana ba. Ki bar ni in tahi a gwada jinin.

Ɗiyarki

*

Allakaye, Lahadi 21 ga Afrilu

Hulda,

Gaisuwa a gaggauce, Sufyanu na jira. Ita ce za ta ba ki wannan da hannunta.

Ta bar mini takarda cikin littafina, na karanta. Na yi abin ludayin. Na aiki yara gidan Isaka, na rufe ƙofar gida da rana tsaka kamar mai sata. Ban iya kiran sunan ba, na ce ke, zo. Ta zauna. Na ce dubi hancina. Hulda, ashe tana da ɗan tabo bisa girar hagu, ban san lokacin da ta same shi ba.

Na kawo ludayi daga dama. Ya wuce kunne, ya wuce kunci, tana shiru. Na ce kada ki yi mini wasa. Ta ce Inna ban ga komi ba. Sai da ya zo kusan gaban hancinta ta ce ga shi. Hagu ma haka, ko da ya ɗan fi. Na yi sau biyar, har na kawo shi da sauri kamar zan buge ta, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ido ba ya iya wannan ƙarya.

Kwana ashirin ina tsaye gefenta da ƙwarya ina cewa a raina ta ƙi ni, ita tana zaune tana cewa na ƙi ta.

Kwana tara na riƙe ta bayan takardarki. Ki tambayi lokotoro, dakta na asibitinku, ko kwana taran nan sun ci wani abu daga idon, ki faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki gyara. Maganar kai da nono har yanzu ba ta zauna mini ba, sai na ga takardar jinin da idona. Kunnen yaron kuma, to, kunnuwa suna kama da juna.

Ki yafe abin da za ki iya.

Cima

*

Allakaye, Talata 30 ga Afrilu

Karima,

Ina gaishe ki. Hamza, Faruƙ da Alhusaini duk lahiya, suna tambayarki. Ƙafata da sauƙi.

Takardar jini ta iso. Ban gane lambobin ba, amma Hulda ta ja layi ƙarƙashin biyu: babu ciki, kuma saƙon nonon nan ya yi yawa ƙwarai. Ta ce kin fara shan ƙwayoyi, za a kai ki Yamai a ɗauki hoton kai, kuma lokotoro bai yi alkawari kan idon ba, ya ce a jira a gani. Ki sha su ko suna sa ki jiri. Babanki ni zan yi masa bayani, na haddace maganar ƙwayar wake, ludayin ma yana nan in bai yarda ba.

Dubi takardar nan. Na rubuta sunanki a bakin dama, na rubuta a bakin hagu, manya-manya. Na farkon ya karkace. Kullum da sahe ki riƙe ta gabanki, ki dubi tsakiya, kada ki juya kai. Ki rubuto mini wanne kike gani, ko ɗaya, ko rabi, ko babu. Kada ki ƙara don ki faranta mini.

Ki ba Sufyanu amsa kafin Lahadi.

Innarki, Cima