A Bari Alkama Ta Sha Ruwanta Na Ƙarshe

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikatan noman rani.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan alheri, ina kuma yi maka sannu da ɗawainiyarmu. Sunana Ɗanlami. Ni ne mai buɗe ƙofar ruwa a wata ƙaramar magudana a ƙasar Bebeji, cikin waɗanda suke sha daga dam ɗin Tiga. Na rubuto a fili ne saboda na san ba ni kaɗai abin nan yake ci wa rai ba, sauran kunya ce ta hana su magana.

Na farko, ina so ka sani na kaɗa ƙuri'ar a tafi yajin aiki, kuma ko gobe aka sake zan kaɗa. Ina tsaye a gefe ranar da ƙarfen murɗa ƙofa ya kufce wa Malam Iro, abokin aikina, ya tafi da yatsunsa biyu. Mun daɗe muna rubuta wa ofis cewa ƙarafan nan tsatsa ta cinye su, ba a zo an duba ba. Yanzu da hagu yake cin tuwo, yana ba yaransa haƙuri wai kada su koya. Saboda haka kada wani ya ce tsoro ne ya kama Ɗanlami.

Na biyu, dokar ƙungiya ta ce in an kaɗa ƙuri'a, wata ɗaya ne wa'adi. In ba a fara yaji a cikinsa ba, ƙuri'ar ta mutu, sai an sake sabuwa. To, ranka ya daɗe, ban san wanda ya sa ranar ƙuri'ar nan ba, amma ina zaton a cikin alkaki kawai ya san alkama. Watan da aka ba mu ya faɗo daidai lokacin da ta ɗauki ciki tana shirin fitar da kai. Duk manomi ya san in ta rasa ruwa a wannan gaɓar, ko da na kwana goma ne, sai dai a yanke wa dabbobi. Yin yaji a wurinmu kuwa ba komai ba ne illa mu bar ƙofa a rufe.

Na uku shi ne ya sa ni ɗaukar biro. A ƙarshen magudanar da nake kula da ita akwai fangalin yayata Hansatu. Ita ta goya ni lokacin da ruwan dam ya ci garinmu aka taso mu nan. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata 'yan mata uku da wannan ɗan fili. A da ba ta san hanyar gona ba, bana da kanta ta yi shukar. Ranar Talata ce ranar ruwanta, kuma da yake ita ce ta ƙarshe, sai kowa ya ƙoshi ruwan yake isa wurinta. Takan zo tun da hantsi da 'yar fartanyarta ta zauna a bakin kunya tana jira. In ta ji ƙarar ƙarfen daga nesa sai ta ɗaga min hannu. Wallahi duk makon ba ni da ranar da nake so kamar Talata.

Na san abin da 'yan'uwa suke cewa, wai yajin da ba ya cizo ba yaji ba ne, kuma yanzu ne ake buƙatarmu. Gaskiya ne zai yi cizo. Amma wa zai ciza? Waɗanda suka ƙi gyara ƙarafan ba su da fangali ko ɗaya a magudanata. In aka jira aka yanke alkama, lokacin ne ofis yake nemanmu ruwa a jallo don yasar magudanai kafin damina, lokacin ne kuma manya suke zuwa zagaye. Mu ajiye shebur a sannan, a gani ko ba za a kira ka da gaggawa ba.

Kada kuma a ce a bar ƙuri'ar ta mutu a sake wata. Kai ma ka ga wahalar da aka sha kafin a tara mutane daga Kiru da Tudun Wada, har da na wajen Doguwa da suka yi sammako a kan babur. In aka ce su dawo, rabi ba za su zo ba, su ce wasa ake yi da su. Shi ke nan yatsun Malam Iro sun tafi a banza.

Roƙona shi ne a kira taron gaggawa, a mayar da wa'adin wata uku, yadda ƙuri'ar da muka kaɗa za ta kai bayan girbi da ranta. Ina kuma roƙo nan gaba kafin a sa ranar ƙuri'a a tambayi mu da muke bakin ruwa.

In ba a ƙara ba, zan bi umarni, domin ban saba kwance wa 'yan'uwana zani a kasuwa ba. Zan bar ƙofar a rufe. Sai dai har yau na kasa gaya wa Yaya. Shekaranjiya na je gidanta da niyyar faɗa, sai ta kawo min zangarniya ɗaya da ta riga saura fitowa, ta ce in duba in gaya mata ko ta iya noma. Na ce ta iya. Na sha ruwa, na yi sallama, na fito.

Allah Ya ba ka ikon duba wannan kuka, Ya sa ka gama da jama'arka lafiya, Ya hana hannunmu zama sanadin hawayen wanda bai yi mana komai ba.

Wassalam.

Ɗanlami mai ƙofar ruwa,
daga ƙasar Bebeji.