Igiyoyin Baffa a Cikin Silin

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Yau aka fara ɓalle silin gidanmu na Bolewa. Inna na Damagum wurin ƙanwata Suwaiba tun rasuwar Baffa, wai ba za ta dawo gidan da ke yoyo ba. Shi ya sa na tsiri gyaran nan. Ina son uwata ta dawo ɗakinta. Suwaiba kuwa nema take ta riƙe ta har abada.

Malam Gana kafinta ya zura kai ta falle na farko, kashin jemagu na shekara talatin ya yi masa wanka. Ya sauko yana tofar da yawu ya ce, "Zainu, gida kuka ba su haya ko gado suka ci?"

Laraba, 9 ga Oktoba

An shiga ɗakin Inna. Gana na zare kusa ɗaya, abubuwa suka zubo masa a wuya. Ya zaci macizai ne, ya diro daga tsani ya bar takalmi guda. Ashe igiyoyin shanu ne, tsofaffi, sun fi ɗari. Me Baffa yake yi da wannan tarkacen a sama, oho. Na ce Gana ya ɗaure katako da su, saura a ƙona.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bakina ne ya ja mini. Na ba Suwaiba labarin a waya don ta yi dariya, ashe Inna na gefe.

Asabar, 12 ga Oktoba

Inna, wadda ta ce ƙafarta ba ta kai ta ko ƙofar gida, sai ga ta a keke napep daga tasha tun da hantsi. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Ina igiyoyin?"

Na ce shara ce ai, Inna. Ta yi mini wani kallo, na ji kamar ban taɓa shiga aji ba. Ta ce Baffa bai taɓa sayar da saniya a Kasuwar Shanu ya bar wa mai saye igiyarta ba, wai albarkar garken na bin igiya. Idan guda ta ƙone, yau za ta koma Damagum, in zauna da jemaguna.

Allah ya taimake ni, Gana malalaci ne, bai ƙona komai ba. Sai da muka kwance duk katakon da aka ɗaure, aikin kwana biyu ya rushe.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba aiki. Inna ta baje igiyoyi a tsakar gida tana kiran sunan kowace saniya. Gana ya zauna yana gyaɗa kai, har da "Allah sarki" wa saniyar da ta mutu tun bai iya riƙe guduma ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Sharaɗinta: ba silin a ɗakinta, a rataye igiyoyin a katakon rufi inda za ta riƙa ganinsu. Na ce mutane za su ce na gyara gida na bar uwata a garke. Ta ce a garken aka haife ni.

Sannan ta zaro wata siririya mai ƙulli biyu ta ajiye mini a cinya. Ta Wule ce, saniyar da aka ba ta ranar aurenta. Ita aka sayar shekarar da na shiga sakandare. Ban taɓa sani ba. Na tashi na shiga bayi don kada Gana ya ga idona.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An gama silin ko'ina ban da ɗakin Inna. Na gaya wa maƙwabta saboda zafi ne. Ni na hau tsani na rataye igiyoyin, tana ƙasa tana gyara mini jeri. Ta aika wa Suwaiba ta kawo mata akwatinta gobe.

Da ta ƙirga ta ce saura ɗaya. Na ce ƙila ta ɓata cikin shara. Ta dubi aljihun rigata da ya yi tudu, ta ce in ta ɓata a nan, a bar ta.