Lambar Kawu Ishaya

Samaru, Zariya.

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rifkatu da yara. Yaya aiki, yaya sanyin Ingila? Mu nan sai godiya.

Mun binne Kawu Ishaya ranar Asabar. Koken da ka sa na rubuta, na neman a goge korar da aka yi masa daga soja saboda abin da ke tsakaninsa da Baba Okon, har ya rasu ba amsa. Na je ofishin tsofaffin sojoji neman tuta da mai busa bigila. Sakatare ya buɗe littafin sallamar Kawu, ya ga jan hatimin kora, ya miƙo mini abina. Ya ce, "'Yata, nan ba Ingila ba ce."

A maƙabarta sai ga wani tsoho daga Chikaji, Saje Audu, sanye da lambobinsa na soja. Ashe shi ya kai ƙarar Kawu da Baba Okon a bariki. Ya ciro lambar yaƙi daga ƙirjinsa, ya ce, "Tare aka ba mu da Ishaya, tasa aka ƙwace." Na ɗauka kan akwatin gawa zai ɗora. Sai ya wuce mu dangi, ya je can baya inda aka bar Baba Okon tsaye, ya damƙa masa, ya ƙame ya sara masa. Fasto ya kau da kai.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da yara. In za ka rubuto ta'aziyya, ka rubuto biyu, ɗaya ta Baba Okon. Shekara talatin suna gida ɗaya da Kawu a Muchia, ba wanda ya je yi masa gaisuwa.

Ƙanwarka,
Ladi