Ɗumin Da Ya Kashe Hirar Gogo

Anti Sabuwa, don Allah ki agaza mini da shawara, na yi gyaran gangar Auzinawa a gidana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Riyad. Muna zaune a unguwar Shumaisi da maigidana da 'ya'yanmu biyu, Jamilatu da Zaituna, da mahaifiyarsa Gogo. Wanda bai taɓa zama nan ba cewa yake Saudiyya ba ta da komai sai zafi. To, ya zo a watan Janairu ya taɓa ruwan alwalar asuba.

Shekara bakwai muna fama da daffaya guda a falo, wato na'urar ɗumama ɗaki, irin ta lantarkin nan mai jan ƙarfe. Ta ƙone labule, ta ci gefen darduma, bara har ta lashi zanen Gogo. Bana na tsaya kai da fata sai da aka sa mana esi mai sanyi da zafi a kowane ɗaki. Masu aiki suka yini suna huda bango, ƙura har cikin tukunyar miya, ni kuwa baki har kunne.

Gida ya yi ɗumi, ba ƙarya. Amma leɓunanmu duk sun tsage. Gogo ta ce ba ta yarda da wutar da ido ba ya gani ba. Ran nan ta danna alamar sanyi a rimot, na dawo daga aiki na tarar da ita cikin bargo biyu tana karkarwa. Har ta aika a sayo mata gawayi da kasko, na hana.

Ga abin da ya fi damuna. A da, daga an yi magariba sanyi ke koro kowa gaban daffaya, Gogo na ɓare gyaɗa tana yi wa yaran tatsuniya. Nan kaɗai suke jin Hausa, don Larabci ya cinye musu baki. Yanzu kowace tana ɗakinta da waya. Gogo ita kaɗai a falo, jiya kuma ta ce a nema mata tikitin Gusau tunda ba ta da amfani. Maigidan kuwa kallona kawai yake yi. Wallahi raina ya ɓaci, ba na so ta tafi. In sa a cire esin ne?

Uwar Biyu, Shumaisi

Uwar Biyu,

Kada ki cire komai. Kin yi daidai da kika raba tsohuwa da abin da ya fara cin zanenta, kuma gawayi a rufaffen ɗaki kin fi ni sanin aikinsa.

Tsagewar leɓe halin irin wannan na'urar ne, busar da iska take yi. Ki rage ƙarfinta, ki ajiye kwanon ruwa a ɗaki, a riƙa shafa man kaɗanya. A wanke ragar da ke tare ƙura duk wata. Rimot kuma ki ɗiga jan farce a inda Gogo za ta danna.

Amma ita ma Gogo tana da gaskiya. Kin sauya mata gida ba shawara, kin watse mata majalisa. Ki same ta ki ba ta haƙuri. Sannan ki kafa doka: daga magariba zuwa isha a kashe na ɗakuna, a bar na falo kaɗai, rimot kuma a hannun Gogo. Yaran za su yi gunaguni da Larabci kwana biyu, sanyi zai kawo miki su. Tsohuwar da jikoki ke jira ta ƙarasa musu labari ba ta tambayar tikiti.

Allah Ya bar ku tare, Ya ƙara wa Gogo lafiya. Ki gaishe mini da ita.

Anti Sabuwa