Furen Kabewar Bayan Ɗakina

Zuwa ga 'yata Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, kina kuma tsare sallarki a kan lokaci, saƙonki ya iso gare ni ta bakin kawunki. Wai za ki ajiye karatun tsirrai a jami'a ki dawo gida garin Lafiya, don dangi suna dariya, an so likita sai ga ki kina karatun fure. Ban yarda ba, kuma kada in sake jin zancen.

Kin tuna daminar da kike aji biyar a sakandare? Kabewar da na shuka a bayan ɗaki ta yi ta fure yana zubewa, ko ɗa ɗaya babu. Na ce bakin mutane ne. Ke kuwa, a gaban baƙina matan garin Assakio, kika ce ai fure ma akwai namiji da mace, sai garin namijin ya kai ga macen ake samun ɗa. Na dalla miki mari. Ni ma na yi sakandare, amma ban ga dalilin da yarinya za ta yi wannan magana a gaban manya ba. Har yau ban gani ba.

Washegari da sassafe na leƙo, na same ki a tsugune. Kin tsinko fure mai siririn wuya, kin yaye shi, kina goga garinsa rawaya a cikin wanda ke da ɗan ƙullutu a gindi. Ba ki ɗago kai ba kika ce, “Inna, maganin da kike fesawa ne ya kori ƙudan zuma, shi ne nake yi musu aikinsu.”

A shekarar har maƙwabta sai da suka sha miyar taushe. Ban ce miki komai ba, don uwa ba ta yabon 'yarta a gaban idonta. Amma na daina feshin. Duk matar da ta zo tana kukan furenta na zubewa, da hannuna nake nuna mata, in ce 'yata ce ta koya mini. Gwaggonki da ta fi kowa yi miki dariya, sau biyu tana zuwa.

Saboda haka ki zauna ki gama. Ki rage ƙawaye, ki ci abinci, na ji an ce kin rame. Ranar da za a ba ki takardarki zan shigo mota in zo, kuma duk wanda ya tambaye ni me kika karanta, da ƙarfi zan faɗa masa.

Allah ya tsare mini ke, ya buɗa miki ƙirji, ya yi miki albarka.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna