Gurbin Gwiwoyin Lautaro

Litinin, 5 ga Yuni

Yau na sauko da kwalekwalen Lautaro daga rumfa. Tun ranar da aka zaro shi daga tsakanin duwatsun kogin Futaleufú ban taɓa shi ba. Mai shi kuwa sai da kogin ya ga dama ya maido mana da shi. Ƙanena ne, amma ya riga ni.

Hancin jirgin ya tsage, ciki ya ɓurme wuri biyu. 'Yarsa Maite ce ta matsa. "Baffa, ka gyara wa duk garin nan jirage, sai namu ne zai ruɓe?" Na ce to. Ban san abin da ya sa na ce to ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Sanfefa tun safe. Ƙurar faiba ta shiga jikina, ƙaiƙayi kamar na kwanta a kan ƙaiƙayin gero. Ba a ɗora faci a kan ruɓa, sai an kankare har an tarar da lafiyayyen wuri. Ramin sai ƙara faɗi yake.

Gefen hagu duk ya goge. Lautaro bahagon banza, shekara da shekaru ina ce masa ya daina jan filafili a jikin jirgi.

Asabar, 1 ga Yuli

Gam ya ƙi kamawa, sanyi ya yi yawa. Na ɓare na zubar. Allah ya yafe min, daɗi na ji.

Lahadi, 23 ga Yuli

Maite ta gane da sanyin nake fakewa. Ta zo ta kama gindi, na kama hanci, muka shigar da shi kicin kusa da murhu. Yanzu ta gefensa nake raɓawa in ɗauko burodi.

Ta ce, "Da Baba na nan da ya ce ka yi amarya, har ka kawo ta gindin wuta." Dariyarsa ce sak a bakinta. Na fita faskaren itacen da ba na bukata.

Talata, 22 ga Agusta

Faci ya kama. Na ƙwanƙwasa ko'ina, babu inda ya amsa da muryar fanko. Jiki ya gama. Saura soson da ake durƙusawa a kai a cikin jirgin.

Shi ne abin da nake kauce wa. Lautaro da kansa ya sassaƙa shi da wuƙar yanka nama, ya yi wa kowace gwiwa gurbinta, shekaru kuma suka ƙarasa aikin. Na hagu ya fi zurfi. In na sa tafin hannuna a ciki, gwiwarsa nake riƙe da ita. Hularsa ta tafi da ruwa, rigunansa an rabar. Wannan kaɗai ya rage mai siffarsa.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Mun yi faɗa da Maite.

Ta durƙusa a ciki don gwaji, gwiwoyinta suna ta yawo a gurbin ubanta. "Baffa, a yanke wannan a sa sabo daidai ni." Na ce ba za a taɓa ba. Ta ce, "To kabari ka gina ko jirgi?"

Na zuba mata mate, shayin ganyenmu da ake zagayawa a ƙoƙo ɗaya, don a huce. Kurɓa ɗaya ta miƙo min ƙoƙon ta ce, "Na gode." Wanda ya ce na gode ai ya gama sha ke nan. Ta gama da mate, ta gama da ni.

A bakin ƙofa ta ce za ta shiga ruwa da shi a haka.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Za ta yi kuwa. Jininsa ce, ba a tanƙwara su.

Ni na koya wa rabin yaran garin nan: in jirgi ya kife, gwiwa ce take juyo da shi. Gwiwar da ba ta zauna daram ba, mai ita a ƙarƙashin ruwa zai kwana. Na fi kowa sanin wannan. Ina tsoro, kuma ina kewarsa.

Laraba, 1 ga Nuwamba

An je maƙabarta da furanni. Na tsaya a kan kabarin Lautaro na ce, "Kai ma da yankewa za ka yi." Bai musa ba. Karo na farko ke nan.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Wuƙar ta dakushe, na wasa ta. Tsohon soson ya fita da sauƙi, har abin ya ba ni haushi.

Na aika aka kira ta. Ta durƙusa a kan sabon, na zana gwiwoyinta da alli. Ƙanana ne. Da dama take tuƙi, kamar ni. Ban taɓa lura ba. Ina sassaƙa tana gwadawa, "Rage nan, Baffa. A'a, nan."

Ban ce na yarda ta shiga kogin ba. Gyara kawai na yi, aikina ne.

Na zuba mata mate. Ta shanye ta miƙo min ƙoƙon. Na jira. Ba ta ce na gode ba.

Na sake cikawa.