Sadiƙu Ya Ajiye Sanda

Assalamu alaikum Yaya Bukar,

Ya aiki, ya Anti Falmata da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Zaitawa lafiya lau.

Albishirinka! Jiya Sadiƙuna, ɗan naka, ya taka har masallacin Juma'a ba sanda. Tun da ya karye a garinku, a wasan ƙarshe na babbar gasar ƙwallon ƙasa ta bara, hankalina bai kwanta ba. Motar kulob ta juyo Kano ba shi, kai kuwa ka bar shagonka, ka yi sati uku kana jinyarsa. Allah ya saka maka da Aljanna.

Wai har ya fara zancen komawa fili. Takalman ƙwallon dai na tura su cikin buhun gero, kada ka faɗa masa.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hajara